Maɓallan Direba

Litinin, da yamma

Ya zauna a kujerarsa yau. Bari in fara rubuta wannan kafin komai.

Tun da muka dawo daga asibiti bai taka ɗakin aiki ba. Kwanciya kawai yake, fuska ga bango, in na kawo abinci ya ce in ajiye. Ɗazu ina kunna kwamfutata sai na ji tafiyarsa a baranda, ƙafa ɗaya na takawa, ɗayar na biyo ta. Ban juya ba. Na san halin mijina, in ka kalle shi yana ƙoƙari to ya fasa ke nan.

Ya zauna, ya gyara allonsa da hannun hagu, ya leƙo nawa.

"Maman Auta, har yanzu Karambani ke miki aiki?"

Maganar ta gyaru sosai, sai dai a hankali take fitowa, kamar wanda ya ɗauko kofi cike da ruwa.

Na ce, "Shi ne, kuma bai taɓa yi min tsiwa ba."

Gardamarmu ke nan tun Auta na goye. Hannun jarin kamfani ɗaya ana cinikinsa a kasuwanni da yawa a lokaci guda, mu kuwa da muke saye da safe mu sayar kafin a tashi, komai namu ya rataya ga inda oda ta bi. Ni dannawa kawai nake, manhajar dillalinmu ta zaɓa wa odar hanya da kanta. Wannan zaɓin na na'ura shi ya raɗa wa suna Karambani. Shi kuwa maɓallai huɗu ya manna wa takarda mai launi, ja, kore, shuɗi, rawaya, kowanne da kasuwarsa, yatsun dama a kansu, ido a kan allo, bai taɓa kallon hannunsa ba. Shi ke zaɓar hanyarsa. Shi ya sa abokansa ke ce masa Direba, har ni na ɗauka.

Bai danna komai ba yau. Kallo kawai ya yi har aka tashi. Ya ishe ni.

Talata, bayan an tashi kasuwa

Ya gwada.

Teburina na damansa, don haka hannun a gabana yake. Ya ce "ja" ƙasa-ƙasa yadda ya saba, yatsan ya tashi, ya yi ɗan rawa a sama, ya sauka a kan kore. Odar ta tafi kasuwar da ba kowa, ta zauna tana jira, farashi ya wuce ya bar ta. Ya soke, ya sake. Wannan karon rawaya. Na uku bai ma kai ga maɓallin ba.

Ya ɗauki hannun da ɗayan hannun ya ɗora a cinya, kamar kayan wani da aka ba shi ajiya, ya tashi ya fita.

Kalmar da likita ya faɗa mana ranar nan ba zan rubuta ta a nan ba. Ni dai abin da na sani, kofin shayi ya faɗi, kuma bai sunkuya ya ɗauka ba.

Laraba, da yamma

Bango.

Alhamis, da la'asar

Bango. Bai ci komai ba sai ruwan shayi.

Na yi wani abu. Yana barci na shiga kwamfutarsa, na buɗe wurin da ake saita maɓallai, na juya duk huɗun suka koma hannun Karambani. Takardun launin na nan yadda suke. Amma yanzu ko ja ya danna ko kore, abu ɗaya ne, na'ura ce za ta karɓi odar ta nemo mata hanya. Yatsan ya faɗa inda ya ga dama.

Sai abu biyu da za su tona ni. Akwai 'yar taga a gefen allo da ke nuna kasuwar da oda ta cika, na tura ta bayan zanen farashi. Akwai kuma sifika. Odarsa in ta cika ƙara ɗaya take yi, ƙwal, don wuri ɗaya take zuwa. Karambani kuwa yanka oda yake gunduwa-gunduwa ya raba wa kasuwanni, sai ka ji ƙwal ƙwal ƙwal. Na murɗe sifikar har ƙasa.

Ina yi hannuna na rawa, sai na tuna wanda nasa ke rawa da gaske, na ji kunya na ci gaba.

Juma'a, da rana

Na lallaɓa shi da ƙyar. Na ce na kasa gane wani zane, ya zo ya duba min. Ya san ƙarya nake, amma Direba ba ya iya jin an kasa gane zane ya ci gaba da kwanciya.

Da ya zauna na ce, "Taɓa hannun jarin bankin nan mana, kaɗan, don hannu ya saki. Ciniki ya yi yawa a kansa yau."

Ya tambayi abin da ya sa sifika ba ta ƙara, na ce likita ya hana hayaniya. Ya ce, "Likita ya hana komai sai ke."

Ya ce "ja". Yatsan ya sauka a kore. Odar ta cika kafin ya ƙifta ido.

Ya daɗe yana kallon allon. Sai ya sayar, ta sake cika. Ya ɗaga hannun yana juya shi gaba da baya, yana dubawa kamar yau aka kawo masa shi.

"Ashe yana nan," in ji shi.

Ya ci abincin rana har da neman ƙari. Na shiga kicin na buɗe famfo don kada ya ji ni.

Asabar, da yamma

Yayarsa ta zo. Yaya har gobe ba ta yarda aiki muke ba, ta ce mutum biyu da hankalinsu sun zauna suna kallon layi na hawa da sauka. Ta same shi a falo yana ba da labarin jiya da hannu biyu.

Ta ce, "Kai da aka ce ka huta, ka koma wa talabijin ɗinku?"

Ya ce, "Yaya, hannun nan ya fi likitocin sanin hanya."

A bakin ƙofa ta riƙe ni. "Ƙanwata, ban san me kika ba shi ba, amma ki ƙara masa." Na yi dariya. Ta tafi, na rufe ƙofa.

Litinin, bayan an tashi

Kwana mai kyau. Ya yi waƙa a banɗaki.

Laraba, da rana

Gaskiya dai a faɗe ta, a manyan hannayen jari Karambani ba ya wasa. Inda masu saye da sayarwa suka cika maƙil, kafin mutum ya gama tunanin ja ko kore shi ya leƙa kasuwannin duka ya dawo. Wani lokacin ma yakan samo farashin da ya ɗan fi wanda ke kan allo. Rauninsa na farkon buɗe kasuwa ne, lokacin da farashi ke tsalle, nan yakan yi ɗan jinkiri yana zaɓe. Don haka nake riƙe Direba da shayi da hira har ƙura ta lafa. Ya ce tun da ya kwanta na zama mai surutun safe.

Yau ya jingina da kujera ya ce, "Kin ga yadda ja ke cika min kwanan nan? Ki gaya wa Karambaninki ya zo ya koyi aiki."

Na ce zan gaya masa.

Ina ganin yatsan. Ja yake nufi, kore yake samu. Shuɗi yake nufi, rawaya yake samu. Wani lokacin yakan dace. Ni kaɗai a duniya na san wane lokacin ne.

Alhamis, da safe

Na tsinci ƙwallon robar da likitar gashin ƙashi ta ba shi a ƙarƙashin gado. Ya kamata ya riƙa matsa shi safe da yamma. Na ɗora masa a kan filo. Da na dawo ya koma ƙarƙashin gado.

Juma'a, da yamma

Mun je wurin likitar gashin ƙashi. Mace ce mai fara'a, amma ba ta ɗaukar wargi. Ta zuba tsinkayen ashana a kan tebur ta ce ya tsince su ɗaya-ɗaya da dama. Ya kama ɗaya ya suɓuce. Ya kama wani ya suɓuce. Sai ya ture su gefe.

"Likita, ni ba tsintar ashana ce sana'ata ba. A kan maɓallaina ban kuskure ko sau ɗaya ba tun makon jiya. Tambayi matata."

Ta kalle ni. Na kalli takalmina.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ina murna da jin haka. Amma abin da nake gani a nan daban ne. Waɗannan makonnin su ne hannu ke koyon dawowa. In aka bar shi yanzu, inda ya tsaya nan zai zauna."

Ya ce ya gode, aikinsa shi ne gashin ƙashinsa, ba sai ya ƙara zuwa ba. A mota ina tuƙi yana ta ba ni hanya kamar kullum, bi nan, kauce wa can, cikin nishaɗi. Na bi duk inda ya ce.

Inda ya tsaya nan zai zauna. Ni na tsayar da shi.

Asabar, da hantsi

Zan gaya masa yau.

Asabar, da yamma

Ya kira Auta a waya yana ce mata kada ta damu da zuwa, ta yi karatunta, babanta ya warke. Na ji muryarta daga inda nake, tana kuka tana dariya. Ban gaya masa ba.

Lahadi, da rana

In na faɗa, bango. In na yi shiru, hannu. Na wanke labulen da ba su yi datti ba.

Talata, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba. Bari in bi shi yadda ya faru.

Akwai wani ƙaramin kamfanin bututun ruwa da yake ƙauna tun da daɗewa. Cinikin hannun jarinsa kaɗan ne, yini guda sai ka ƙirga masu saye da yatsu. Irin waɗannan su ne gonarsa, ni ko kusa ba na zuwa. Tun da ya dawo nake janye shi daga gare su da dabara. Yau ya ce ya gaji da bankuna, aikin yara ne.

Na ce, "Ka bari sai wani makon."

Ya ce, "Duba can. Mutum ɗaya ne ya ajiye kaya masu yawa a shuɗi. Sau ɗaya zan shiga in kwashe kafin ya farga."

Ya ce "shuɗi". Yatsan ya tashi, bai yi rawa ba, ya sauka a tsakiyar shuɗi. Da idona na gani.

Karambani ya karɓa ya yi abin da ya saba. Ya yanka odar, ya aika ɗan wannan can, ɗan wancan nan, yana ɗanɗana kasuwanni. A inda mutane suka cika ba mai lura da haka. A nan kuwa kamar ka shiga ɗakin da ba kowa ne kana buga ƙofofi. Mai kayan ya ji motsi, ya janye, ya ɗaga farashi. Ɗan guntu kawai muka samu, sauran odar ta tsaya a banza.

Direba ya zuba wa allon ido. Ya ce, "Shuɗi ba ya haka."

Ya miƙa hannun hagu ya murɗa sifika. Ya koma na bankin, ya sa 'yar ƙaramar oda, ya danna ja.

Ƙwal ƙwal ƙwal.

Ya sayar da kore. Ƙwal ƙwal. Ya ja zanen farashi gefe, 'yar tagar ta fito. Ya karanta ta daga sama har ƙasa, a hankali, yadda yake magana yanzu.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka fara cin abinci."

Na ɗauka zai yi faɗa. Da ma ya yi. Ya kalli hannun ne kawai.

"To duk kwanakin nan, ina danna daidai?"

Na ce, "Wani lokacin, Baban Auta."

"Wani lokacin." Ya jinjina kai. "Yau fa?"

"Yau shuɗi ka danna. A tsakiya. Na gani."

Ya ce, "Sau ɗayan da na dace, shi kuka ƙwace min, ke da yaronki."

Ya tashi. Ƙafa ɗaya na takawa, ɗayar na biyo ta, har ɗaki.

Laraba, da yamma

Bango.

Alhamis, da rana

Bango. Ban kunna kwamfutata ba. Yaya ta kira, na ce yana barci. Ta ce muryata fa? Na ce mura.

Ina son mutumin nan, shi ke nan abin da zan iya faɗa. Na so in ga ya ci abinci, na kuwa gani. Ban san ko da an mayar da ni ranar Alhamis ɗin can zan fasa ba. Ina jin ba zan fasa ba, kuma wannan ne ke hana ni ba shi haƙuri da zuciya ɗaya.

Juma'a, da la'asar

Na kai masa shayi. Bai juyo ba, amma ya yi magana da bangon.

"Da gaske a tsakiya?"

Na ce, "A tsakiya."

"Ba irin gaskiyar sifika ba?"

Na ce, "Wallahi a tsakiya."

Na juya har na kai ƙofa. Sai na ji ya ce shayin ya yi sanyi, in sake wani. Shayin da ke tururi. Na sake.

Asabar, da hantsi

Na fito daga wanka na tarar da shi a ɗakin aiki. Ba kasuwa yau, allon a kashe. Ƙwallon roba na kan tebur, da guntun zare a jikinsa daga ƙarƙashin gado.

Ya ce, "Mayar min da maɓallaina."

Na kunna na mayar, yana tsaye a kaina yana duba kowanne. Ya ce in bar wa Karambani maɓalli ɗaya a hagu, don bankuna. Na kalle shi. Ya ce, "Kar ki kalle ni. Yaron ya iya aikin yara, na gani. Amma kada ya ƙara taka gonata."

Sai ya kashe allon ya zauna. "Ke da kika iya kallon hannun mutane, ja kujerarki nan. Zan faɗi launi in danna, ke ki faɗi inda na sauka. In kika rage min ko ɗaya, zan kai ƙararki wurin Yaya."

Ya ce ja, na ce kore. Ya ce ja, na ce kore. Ya ce shuɗi, na ce rawaya. Kowace kalma sai da ta yanke ni kafin ta fita. Ya yi gumi har wuyan riga. Can ya ce rawaya, na ce rawaya, ya ce wannan ba a ƙirga shi ba, rawaya kasuwar ragwaye ce.

Muka yi har rana ta take. Ya ce in kira likitar ashana in ce mata ranar Juma'a muna tafe, kuma kada in gaya mata dalili. Na ce ai ta sani tun ranar da na kalli takalmina.

Lahadi, da yamma

Kore, kore, ja, rawaya, kore. Ya kira Auta ya ce mata in ta samu hutu ta zo, babanta bai gama warkewa ba tukuna. Wannan karon ba ta yi kuka ba, ta ce tana hanya.

Litinin, bayan an tashi

Ya murɗa sifika har sama tun kafin a buɗe. Ban kawo shayin riƙe shi ba, shi ya jira da kansa har farashi ya daina tsalle.

Mai sayar da jarin kamfanin bututun ya dawo, wannan karon a ja ya ajiye kayansa. Direba ya rage odarsa ta zama 'yar mitsitsiya. Ya ce "ja". Yatsan ya tashi, ya yi rawa, ya sauka.

Na ce, "Kore."

Odar ta tafi inda ba kowa ta zauna. Na saurari ƙarar kujera. Kujerar ba ta motsa ba. Ya soke da hagu, ya ɗauki ƙwallon ya matsa, ya ajiye.

"Wannan kuskuren nawa ne," in ji shi. "Na yi kewarsa."

Ya mayar da yatsun kan launukan. Farashin ya ɗan gusa, ba wanda yake so ba ne yanzu, da can da ko kallonsa ba zai yi ba. Ya ja numfashi. Ya ce "ja".

Ƙwal.

Ƙara ɗaya. Ta cika ɗakin. 'Yar tagar na nan a buɗe a gabansa, sunan kasuwar a rubuce ɓaro-ɓaro, da ya ɗaga ido zai gani. Bai kalle ta ba. Ni ya juyo yana kallo, yana jira.

Na ce, "Ja."